Injin ɓarzar roba a Maraɗi: a ƙera shi nan, a haɗo shi, ko a sayo gamamme?

A bayan ƙyauren shagona akwai buhun shinkafa biyu waɗanda babu ko ƙwayar shinkafa a cikinsu. Ɓarnar firintar 3D ce ta kusan shekara biyu: bugun da wuta ta ɗauke yana tsakiya, wanda ya ɓanɓare daga faranti ya cukurkuɗe kamar taliya, da ƴan tokare-tokaren da ake karyewa a yar bayan an gama aiki. Sana'ata buga ƙananan kayan gyara ce, makunnin fanka, haƙoran roba na cikin firintar ofis, murfin batirin rediyo, irin abubuwan da in sun karye sai a jingine na'ura ɗungurungum. Zaren robar da firintar take narkawa tana gina kayan da shi daga waje yake zuwa. Kwarkwaro ɗaya na irin robar da ake kira PLA mai kilo guda yana kamawa wajen Yuro 20 a Turai, Yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne in an cike, ka ga jika 13 ke nan tun bai hau jirgi ba, bai ga duwan ba, mai kawowa bai ɗora nasa ba. Shi ya sa hannuna ya kasa kai buhunan nan bola.

Daga nan na shiga neman ƙaramin injin da zai ɓarza robar ta koma tsaki, don a sake narka ta. Tun da injin ya tashi mutum huɗu suka zo suna tambayata nawa ya ci, kuma kowannensu abin da yake son yi da shi daban. Amsar da nake ba su ce zan shimfiɗa a nan.

Kuɗin injin nan ba a jikinsa yake ba. Ƙafafu, teburi, mazurarin da ake zuba robar, duk ƙarfen kwana ne da faranti, kowane mai walda a garin nan zai haɗa maka su cikin kwana biyu. A littafin da na riƙa rubuta abin da na kashe, jiki da walda da fenti ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Moter da akwatin giya sun cinye kusan rabi, haƙora da sandar da ke juya su da boris suka kwashe mafi yawan abin da ya rage. Duk wanda ya ce zai yi maka injin da arha, tambaye shi a wanne daga cikin waɗannan zai rage, domin a nan ne arhar za ta ci ka daga baya.

Dalili kuwa yana cikin yadda injin yake aiki. Zanen da galibin masu ƙera ƙananan injina suke bi na Precious Plastic ne, shirin da wani ɗan Holand, Dave Hakkens, ya fara a 2013 ya kuma sa zanensa kyauta a intanet. Sanda ce guda mai kusurwa shida, an jera mata haƙora kamar ƙugiyoyi, suna ratsa tsakanin wasu wuƙaƙe da ke kafe a jikin akwati, ƙasa kuma akwai rariya wadda ba ta barin roba ta faɗo sai ta yi ƙanƙanta. Abin da zanen yake so shi ne moter mai ƙarfin kilowat 2.2, sandar kuma ta riƙa juyawa wajen sau 70 kawai a minti. Moter irin wadda muka saba gani tana yin kimanin 1400 a minti, don haka sai an rage gudunta sau 20. Gudun da aka rage shi ne yake komawa ƙarfin murɗawa. In kana son ka ji nauyinsa, rataya buhun siminti mai kilo 50 a bakin sanda mai tsawon santimita 60, ƙarfin da zai murɗa gindin sandar shi ne kusan abin da ke bin haƙoran nan ba tsayawa.

Ban fahimci wannan ba da farko, kuma na biya kuɗin makaranta. Na kai zancen wurin wani mai walda, dattijo mai hannu, wanda ya daɗe yana gyaran injinan niƙa. Ya saurare ni ya ce, “Malam, ai wannan injin niƙa ne za a sauya wa haƙora, kawo kuɗin ƙarfe kawai.” Ya yanko wuƙaƙe daga sifirin ɗin mota, ya ɗaura moter da bel kai tsaye, abin ya yi kyau a ido. Muka gwada shi a watan Afrilu, ƙarƙashin rumfar kwano, lokacin da zafin garin nan yake haura maki 40 a inuwa. PLA kuwa tana fara laushi tun daga wajen maki 60. Minti biyar na farko gutsattsari suka riƙa tsalle daga mazurari kamar gugguru, ɗaya ya tsaga wa yaron shagon leɓe. Kafin minti goma ƙarar ta sauya, muka kashe, muka buɗe, sai ga rariyar ta toshe da roba mai danƙo kamar alewar da ta wuni a rana. Dattijon ya daɗe yana ƙanƙare ta da kurfi bai ce komai ba. Aikin hannunsa ba shi da aibi, zanen ne bai dace da wannan roba ba. Manyan injinan ɓarza na masana'antu su ma da gudu suke aiki, amma suna da wuƙaƙen ƙarfe na musamman masu kaifi, da nauyi, da moter mai girma, abubuwan da ƙaramin shago ba ya iya ɗauka.

Wannan ita ce hanya ta farko, a ƙera komai a gida da tsofaffin ƙarafa, kuma ban ce a guje ta ba. Ita ce mafi arha nesa ba kusa ba, kuma duk abin da ya lalace a nan za a gyara shi. Sai dai dole a warware mata matsala biyu. Ta farko rage gudu. Ana iya yi da fuli da bel hawa biyu, misali a rage sau huɗu sannan a ƙara ragewa sau biyar, amma a hawa na biyu bel yana zamewa da zarar haƙori ya ciji abu mai kauri. Zamewar tana da amfani ɗaya, tana hana moter ƙonewa, amma aiki ba ya tafiya. Wasu suna sa sarƙar babur a hawan ƙarshe, ita kuma tana miƙewa da wuri. Akwai masu haɗa giyar tsohuwar mota, lamba ɗaya tana rage wajen sau uku da rabi, in aka haɗa da giyar aksil ɗin baya a samu kusan sau 14, abin yana aiki amma injin ya zama ƙato, daidaita shi kuma sai makanike mai haƙuri. Matsala ta biyu haƙora. Sifirin ƙarfe ne mai tauri, amma a lanƙwashe yake, kaurinsa ba ɗaya ba ne daga wannan baki zuwa wancan, kuma in giranda ta zafafa bakinsa har ya yi shuɗi taurin ya tafi. Tazarar da ke tsakanin haƙori mai juyawa da wuƙar da ke kafe bai kamata ta kai milimita ɗaya ba. Haƙora goma sha wani abu ne a jere, in kowanne ya kauce da ɗan kaɗan, na ƙarshe sai ya daki wuƙa, ko kuma tazarar ta buɗe roba ta riƙa maƙalewa maimakon ta yanke. Wanda yake da mai injin feƙe ƙarfe amintacce, yake kuma da lokacin zirga-zirga, zai iya cin nasara. Amma ya sa a ransa cewa zai yi haƙoran sau biyu, kuɗin na biyun kuma ya lissafa shi tun yanzu.

Injin hannu, mai mariƙi kamar na markaɗe, shi ne ya fi jan hankalin masu firinta, tunda ya cire moter gaba ɗaya, wato ya cire rabin kuɗi. Ƙato mai ƙarfi in zai daɗe yana juya mariƙi ba ya ba da fiye da wat 100, moter kuwa 2200 take bayarwa. Ga ƴan tokare da bugu maras kauri ya wadatar, musamman PLA da take da saurin karyewa. Ranar da ka jefa masa abu mai cikakken ciki, ko wata robar zare mai taurin kai da ake kira PETG, sai ka fara sassara shi da guduma tukuna. In ɓarnarka ba ta wuce kilo ɗaya a wata ba, kuma ba ka da niyyar taɓa wata roba, wannan ya ishe ka, da sharaɗin haƙoran su zama masu kyau, domin in kuɗi ya samu gaba sai ka cire mariƙin ka ɗaura moter a kan akwatin nan dai. Injin yayyaga takarda na ofis da na markaɗen kicin da ake gani a bidiyo, kada ka ɓata kuɗinka, giyarsu ta roba ce ko siririn ƙarfe, ba sa jurewa.

Sai hanyar sayo gamamme daga Sin. Tana da abin yabo na gaskiya: haƙoran an yanke su daidai an kuma taurara su, akwai murfin kariya, da yawa kuma suna komawa baya da kansu in sun cije. Ka buɗe akwati, ka jona, ka fara aiki. Abin da ke tayar da farashin shi ne nauyi. Inji mai moter da giya abu ne mai nauyin gaske, ba ya hawa jirgin sama da kuɗin hankali, sai na ruwa, kuma tun 2023 da iyakar Benin ta rufe kaya da yawa suka bar hanyar Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada. Wasu suna biyowa ta Legas da Kano. Kowace aka bi, farashin da ka gani a waya somin-taɓi ne, ga dako, ga duwan, ga jiran watanni. Hoto kuma yana ruɗi, sai ka ga inji kamar zai haɗiye kujera, ashe bakinsa bai fi tafin hannu ba, don haka a nemi awon bakin da santimita kafin a tura ko dala. Babbar damuwata da shi ita ce ranar da haƙori ɗaya zai karye saboda wani ƙusa da ya ɓuya cikin roba. Ba wanda ke sayar da irinsa a Maraɗi, ba zane a hannunka da za ka kai a yanko maka, inji ya zauna. Ƙungiya ko makaranta da ke da kasafi, take son abin da za a koya wa yara da shi cikin aminci, wannan ya dace da ita, amma ta haɗo da haƙoran canji tun a sayen farko.

Wadda na bi a karo na biyu, kuma wadda nake ba mafi yawan mutane shawara, ita ce ta tsakiya: abin da ke buƙatar daidaito a kai shi inda ake da na'urar yi, sauran a yi shi a gida. Zanen haƙoran yana nan kyauta, fayil ne da ake miƙa wa masu yankan ƙarfe da leza, su yanko daga faranti mai kaurin milimita 5 da 6. Duka-duka kayan ba su fi a sa su a jakar hannu ba, don haka ko daga Kano ko daga nesa aka kawo su dakon ba ya karya mutum. In an samu faranti mai jure gogayya irin Hardox ya fi, in ba a samu ba ƙarfe na yau da kullum yana ɓarzar PLA da jarka, sai dai a riƙa wasa shi. Yankan filasma ya fi na leza arha, amma bakinsa yana fitowa a karkace, sai an bi kowane haƙori da giranda, abin da aka rage a kuɗi a biya shi da kwanaki.

Moter da giya kuma na hannu za a nema, waɗanda suka fito daga tsofaffin masana'antu a haɗe da juna. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ta shahara da irin waɗannan ƙarafa, a Yamai akwai Katako, mu kuwa Kano ta fi mana kusa, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Tun faɗuwar naira daga tsakiyar 2023 mai riƙe da sefa yakan ji sauƙin saye a can, ko da yake ƴan kasuwa su ma suna bin canji suna gyara farashi, shi ya sa kuɗin da wani ya gaya maka bara ba abin dogaro ba ne bana.

A nan ne wuta take shigowa, kuma ita ce mutane suka fi mantawa a lissafi. Galibin irin wannan moter mai layi uku ce, ta bolt 380, shagunanmu kuwa layi ɗaya ne mai 220. Ko ka nemi a ja maka layi uku, ko ka sayi ƴar na'urar nan mai suna VFD wadda ke karɓar layi ɗaya ta fitar da uku. Ni ita na saya, kuma ban yi da-na-sani ba, domin tana tayar da moter a hankali, tana tsayar da ita in ta cije, tana kuma juya ta baya da maɓalli ɗaya. Juyawa baya ba ado ba ne, injin ɓarza yana cijewa sau da yawa a rana, in ba ya komawa baya sai an kwance shi ko an sa hannu, sa hannu kuwa shi ne abin da ba a so. Cin wutar kansa ba abin tsoro ba ne, bai wuce kilowat biyu da ɗan ɗori a awa ba ko da yana kan aiki sosai. Abin dubawa shi ne ranar da babu wutar. Wutar Maraɗi mafi yawanta daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma ba mu manta da watannin da aka katse ta ba daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Moter in aka tayar da ita kai tsaye tana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita, ƙaramin janareta na shago durƙushewa yake yi. Wanda yake shirin aiki kullum ya sa janareta mai ƙarfi cikin kasafi, ko ya koma ga injin gazuwal irin na masu niƙa.

To, ana mayar da kuɗin? A ƙaddara injin ya tashi maka a jika 400, ɓarnarka kilo ɗaya ce a wata, kuma kilon zare yana iso maka a jika 20. Wata 20 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, in har tsakin nan zare ne. Ba zare ba ne. Sai an samu wani injin daban mai narkawa ya ja shi ya fito da kaurin milimita 1.75 ba ƙari ba ragi, kuma mai kyau a cikinsu sau da yawa ya fi na ɓarzar tsada. Tsakin sai ya zama ƙanana, milimita 3 zuwa 5, sai an busar da shi, sai an raba robobin zare irin su PLA da PETG da ABS tun kafin a ɓarza don ba sa narkewa a zafi ɗaya, sannan kowace narkawa tana rage wa robar ƙarfi, shi ya sa ake gauraya ta da sabuwa. Ga kuma ƙurar hunturu. Bakin firinta rami ne mai milimita 0.4, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe shi a tsakiyar bugun awa shida. Saboda haka wanda burinsa kawai zare mai arha ne, ina ganin ya fara duba injinan da ke yanka gorar ruwa ta PET ta zama tsiri su mayar da ita zare ba tare da ɓarza ba. Polyformer ɗaya ne daga cikinsu, tsadar zare a Ruwanda ce ta sa aka ƙirƙiro shi, ya kuma ci kyautar ƙirƙira ta James Dyson a 2022. Gora kuwa ba ta yanke mana ba.

Abin da ke sa injin ɓarza ya ci kuɗinsa a garin nan shi ne ya ci robar da ta fi ta firinta yawa: fasasshen bokiti, buta, kujera, murafen gora, jarkar mai. Galibinsu PP ne da HDPE, masu lamba 5 da 2 a alamar da ake bugawa a jikin roba, kuma raba su da sauran ba wuya, a zuba tsakin a ruwa su taso sama, PLA da PET da PVC su nutse. PVC, robar fayif mai lamba 3, kada a bari ta kusanci wuta, hayaƙinta guba ne. Tsakin da aka wanke aka raba launi-launi ana narka shi a tanda a matse shi ya zama faranti ko a zuba shi a mazubi ya ɗauki siffarsa, wannan ya fi jan zare sauƙi sosai, kuma nan ne robar buhunana take tafiya yanzu. Ɗaya daga cikin masu tambayata dillalin ƴan gwangwan ne, yana son ya riƙa ɓarza kafin ya yi lodi zuwa masana'antun roba na Kano, na Sharaɗa da Bompai, tunda robar da ba a ɓarza ba rabin mota iska take ɗauka. Na ce masa, “Alhaji, wannan nawa kilo kaɗan yake ci a awa, in ya yi ƙoƙari goma da wani abu, kai kuwa tan kake magana. Babban inji za ka saya mai gazuwal, kada ka tsaya a kan ɗan wannan.” Wata hajiya kuma daga wata ƙungiyar mata leda ce damuwarta, don tana kiwon jajayen awaki, ta kuma ga abin da ake cirowa daga tumbinsu a mahauta. Damuwarta tawa ce, dokar hana ledar nan tana nan tun 2014 amma har yau ledar ce ke rataye a kan kowace ƙaya. Sai dai na gaya mata gaskiya, leda ba ta ɓarzuwa a irin wannan inji, nannaɗe sandar take yi har ta tsayar da shi, aikinta wani inji ne daban.

Wuri ɗaya ne ban yarda a rage ko sisi ba, kowace hanya aka bi. Mazurarin ya fi tsawon hannun babban mutum, ya kasance da murfi, maɓallin kashewa ja ya zama inda gwiwa ma za ta iya dannawa, bel da sarƙa a rufe su. Shagunanmu ba sa rabuwa da yara, na gida da almajirai masu leƙe, haƙoran nan kuma a hankali suke juyawa har yaro ya ɗauka wasa ne, alhali abin da ya murƙushe ƙafar kujera yatsa ba komai ba ne a wurinsa. Tabon da ke leɓen yaron shagona kullum ina ganinsa.

In ka je sayen moter ta hannu, fara da ƙaramin farantin da ke jikinta. Ka ga an rubuta 220/380, domin wadda aka rubuta wa 380/660 ba za ta ba da ƙarfinta a kan VFD mai layi ɗaya ba. Ka ga 50 Hz, ƙarfi tsakanin kilowat 1.5 da 2.2, gudu wajen 1400. Sansana ta, ƙonanniyar waya ba ta ɓoye warinta. Kwance ƙusar man giyar ka ɗiga a yatsa, in ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe ajiye ta ka wuce gaba. Sannan ka cire murfin fankar baya, ka yi wa sandar fita alama da alli, ka juya fankar da hannu kana ƙirgawa har alamar ta zagayo. Tawa a juyi na ashirin allin ya dawo inda ya tashi, a nan na tsuguna muka fara ciniki.